Ƙusoshin da Baba Ya Goge

Innarmu ta rasa haƙoranta biyu na gaba a kan hanyar Ɗan Gulbi, suna dawowa daga suna. Amalanken shanu suka hau, ita tana zaune a gaba. San ya ga wani abu a cikin kalgo ya zabura, bakinta ya daki ƙarfen gefe. Ɗaya ya fita nan take, ta zo da shi gida ƙulle a bakin zanenta, sai ka ce akwai wanda zai mayar mata. Ɗayan ya karye daga tushe, sai da aka cire guntun a asibiti.

Wani zai ce haƙori biyu ne, mene ne a ciki? Wanda ya faɗi haka bai san Inna ba. Ita ce mai guɗar unguwarmu a Dakoro. Ba a kai amarya, ba a fito da jariri ranar suna, sai an aiko an ce ta zo. Mace ce mai dariya da baki buɗe, mai tsokana, wadda in ta shiga gida sai an san ta shigo. Bayan faɗuwar nan sai ta koma magana ta bayan mayafi. In ta ce "sannu" sai iska ta fita ta giɓin da ɗan fito, ita da kanta take ji, sai ta yi shiru. Goro ma da wuƙa take yanka shi ƙanana, ta tura can gefe.

Mun gwada na roba. A Maraɗi aka yi mata, haƙora biyu a kan wani abu ja mai 'yar waya da ke kama na kusa. Wata biyu tana fama da shi, yana goge mata dasashi, tana cire shi in za ta ci abinci. Ranar bikin 'yar maƙwabtanmu mata suka matsa mata, suka ce ai yanzu ba ta da hujja. Ta cire mayafi, ta kama hanci, ta ɗaga kai ta saki guɗa. Ba ta kai rabi ba abin ya fito ya faɗa cikin ƙwaryar fura. Aka yi dariya. Na san ba da mugunta aka yi ba, ni ma da wata ce da wataƙila na dara, amma har yau akwai matar da ba na sakar wa fuska saboda yadda ta riƙe ciki ranar. Inna ta sa hannu ta tsamo abinta, ta fita. Ba ta ƙara zuwa taro ba.

Yayana, ɗanta na fari, yana Aljeriya a lokacin. Aiki yake a wurin wani likitan haƙori, yana wanke kayan aiki yana miƙa masa abin da ya nema. Shi ya kira ni a salula ya ce akwai wani irin haƙori da ba a cirewa. Ana dasa 'yar ƙusa mai murɗi a cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta watanni ƙashi ya kama ta, sannan a ɗaura haƙori a kai. Ya ce da shi har rake ana sha. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Yaron nan dai bai rabuwa da zancen banza." Ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari. Amma washegari ita ta tambaye ni ko ƙusar tana yin tsatsa.

Ni malamar lakwal ce, don haka sai da muka jira bakans, hutun makaranta, muka tafi Yamai wurin likitar haƙori. Likitar mace ce, siririya, ba ta da yawan murmushi, Hausarta ta yamma. Ta yi wa Inna radiyo, wato hoton ƙashi, ta duba, ta ce ƙashin yana da kyau, zai ɗauka. Ta ƙara da cewa kada mu yi sanyi, domin ƙashin da babu haƙori a kansa janyewa yake yi a hankali, kowace shekara yana raguwa. Ƙusoshin da suka dace ba ta da su a hannu. Ta rubuta irinsu da girmansu a takarda, na ɗauki hoto na tura wa Yaya. Yadda ya same su da abin da ya sadaukar, bai taɓa faɗa mini ba.

A nan sai na yi zancen Baba, don in ba a san shi ba, ba za a gane abin da ya faru ba.

Baba maƙerin fari ne, azurfa da tagulla. Kakanmu daga arewa ya gangaro da zugazuginsa, ya zauna a Dakoro, Baba ya gāji rumfar. Mutum ne mai rawani da ƙarancin magana, in ka gaishe shi yana aiki sai ya kai ƙarshen layin da yake zanawa kafin ya amsa. Yana da doka ɗaya da kowa a gidanmu ya sani: ƙarfen da zai taɓa jikin matarsa sai ya bi ta hannunsa. Zoben Inna, mundayenta, 'yan kunnenta, har allurar da take kama mayafi da ita, duk shi ya yi. In ta sayo cokali a kasuwa sai ya karɓa ya bi bakinsa da magagari ya goge kafin ta ci da shi. Muna yara muna yi masa dariya a ɓoye. A wurinsa, abin da ba a goge ba, ba a gama shi ba, kuma maƙerin da ya bar matarsa da ƙarfe mai dishi-dishi ya ci mutuncin kansa.

Tsakaninsa da Yaya babu daɗi. Yaya ya iya ƙira, kowa ya ce hannunsa ya fi na Baba laushi, amma ya ajiye ya ce shi ba zai tsufa yana hura wuta ba. Baba ya faɗa masa magana, shi ma ya mayar. Tun da ya tafi, in ya kira gida da Inna yake magana. Baba sai dai ya ce a gaishe shi, shi ma ya ce yana amsawa.

Wani direba da ke bin hanyar Agadas ya kawo saƙon. 'Yan kwali biyu ne, kowanne bai kai gidan ashana biyu ba. A cikin kowanne akwai leda mai tauri a manne, a cikin ledar 'yar kwalba, a cikin kwalbar ƙusar tana tsaye ba ta taɓa komai. Tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Launinta kuwa toka-toka, babu ƙyalli ko kaɗan, kamar an tsince ta a murhu.

Baba ya ɗaga ledar ya kalli rana ta cikinta, ya daɗe.

"Wanga ne abin?" ya ce.

"Shi ne, Baba. Titan sunan ƙarfen."

"Ba su ida aikin ba."

Na yi dariya na ce ai Turawa ma suna ganda. Akwai wata takarda a cikin kwalin, an naɗe ta ƙanƙane, rubutu cunkus da harsuna da yawa, har da Faransanci. Ni kaɗai ce a gidan nan zan iya karanta ta. Na buɗe, na ga ƙananan baƙaƙe, na ce sai anjima. Ina da takardun jarrabawar yara jibge a gida. Na mayar da ita. Sannan, don gidana akwai yara masu ɓarna, na miƙa wa Baba kwalayen na ce ya ajiye a akwatinsa har ranar tafiya. Ni na ba shi da hannuna. Wannan ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Randebu, ranar da likita ta sa mana, ya rage kwana tara. Ana gobe za mu tafi, da hantsi, Baba ya aiko a kira ni. Na tarar da Inna tsaye a bakin rumfar maƙera, mayafi a baki. Baba ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan uwar maƙera, ya ciro wata 'yar jakar fata sabuwa, ya zazzage.

Wallahi sun yi kyau. Ban taɓa ganin ƙarfe yana ƙyalli haka ba. Kowane murɗi yana ɗaukar rana. Mutumin da ba ya magana sai ga shi yana bayani. Ya ce kwana uku ya yi a kansu. Ya fara da magagarinsa mafi laushi, sannan toka da ya tace da ƙyalle, sannan ya ja zaren auduga a cikin kowane lungu na murɗin, ya wanke da ruwan tsamiya, ya ƙarasa da fata.

"Ƙarhen ga taurin kai gare shi," ya ce. "Tun da nike ban ga irinai ba. Amma ya bi."

Na ga kan yatsunsa duk sun tsage. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya ta, idanunta suka ƙanƙance, na san murmushi take yi a bayan mayafin. Ta ce, "Malam, ai sai in riƙa buɗe baki ana hasken hitila."

Na ɗan yi shakka, ba zan ɓoye ba. Na tuna ledar nan da aka manne, na san ba banza aka manne ta ba. Amma sai na ce wa kaina ai likita za ta dafa su, kamar yadda ake dafa almakashi da allura. Na dubi fuskar Baba, na ce, "Baba, ai ko su da suka yi shi sai sun zo koyo." Ya kawar da kai don kada mu ga ya ji daɗi.

Mun kwana a Maraɗi, muka kama kar, babbar motar Yamai. Inna ba ta yi barci a hanya ba. Tana ta lissafa bukukuwan da ke tafe bayan kaka, da wadda za ta fara zuwa bikinta, da wadda za ta ja wa rai sai an roƙe ta. Jakar fatar tana cikin lalitarta, lokaci-lokaci tana taɓawa.

Da likita ta ce mu kawo kwalayen, Inna ta zazzage mata ƙusoshin a tafin hannu. Matar nan ta tsaya kamar an dasa ta. Ta dube su, ta dube ni. Sai ta juya harshe zuwa Faransanci don kada Inna ta ji, ta tambaye ni ina kwalaben, wa ya buɗe, me aka yi musu. Na faɗa mata. Ta ce, "Ke ba malama ba ce? Ba ki karanta ba?" Na fi shekara goma ina yi wa yara wannan tambayar, ban san haka take da zafi ba.

Inna ba ta jin Faransanci, amma tana jin fuska. Ta ce, "Likita, bakina ne. Ki hwaɗa mini da Hausa."

Likitar ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Ta ɗauko wani littafi ta buɗe hoton da aka ƙara wa girma ƙwarai, wani abu mai ramuka-ramuka kamar gidan tururuwa. Ta ce wannan shi ne jikin ƙusar yadda take fitowa daga masana'anta. Da gangan ake yin sa. Bayan an ƙera ta sumul, sai a feshe ta da wani gari mai kaifi, sannan a tsoma ta cikin asid, ruwan nan mai cin ƙarfe, na ɗan lokaci da aka auna. Asid ɗin ya ci fatar ƙarfen ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Sai a wanke, a kashe duk wata ƙwayar cuta, a rufe, ba mai ƙara taɓawa har ranar da za ta shiga jikin mutum. Dishi-dishin nan da muka gani, shi ne aikin.

"Inna, kin ga magini in za shi yaɓe," ta ce, "ai sai ya kakkarce bangon tukun, ya jiƙa, sannan laka ta kama. Ƙashi ma hakanan ne. Cikin ramukan ga yake shiga ya riƙe. In ya iske sumul, bai samun wurin kamawa da kyau."

Na ce to a sake tsoma su a asid mana, ko a dafa. Ta girgiza kai. Ta ce ba aikin da ake yi a kilinik ba ne, kuma dafawa ba ta fitar da toka da man hannu da burbushin magagari da suka shige jikin ƙarfen. An ma rage kaifin murɗin. In ta sa su, ko su yi ta girgiɗi su fito, ko wurin ya ruɓe ya ci ƙashin da ake taƙama da shi. Ba za ta sa ba.

Ta ɗauki ɗaya da ɗan hantsaki ta duba da madubin ƙara girma, ta daɗe tana juyawa. Ta tambaya wa ya yi. Inna ta ce, "Mai gidana." Likitar ta ce ba ta san ana iya yi wa titan haka da hannu ba, wannan mutum yana da hannu. Sannan ta ce mu samo wasu, ƙashin yana nan da kyaunsa, amma kada mu wuce 'yan watanni.

Mun koma gidan 'yar ƙanwar Inna inda muka sauka, da la'asar. Ina shiga ɗaki na ciro salula. Raina a ɓace yake, da kaina, da Baba, da takardar nan, da kowa. Ina neman lambar Yaya sai Inna ta kama wuyan hannuna. Ban san tana da ƙarfi haka ba.

"Wa za ki kira?"

"Yaya mana. Ya aiko wasu."

"Ki ce mishi mi?"

"In faɗa masa abin da ya faru."

"Shi kuma shi kira ubanku."

Na san haka ne. Yaya ba ya haɗiye magana. Shekara da shekaru yana jiran ranar da zai nuna wa Baba cewa duniya ta wuce rumfarsa, ga ranar ta zo da kanta.

"Kin ga yatsunai?" ta ce. "Kwana ukku. Mutumen ga bai da komi sai hannunai. Gona ba tashi ba, karatu ba nashi ba. In kunka ce mishi hannun ne ya ɓata mini baki, mi ya rage mishi? Kuma a bakin wa za shi ji? A bakin yaron da ya ce sana'atai banza ce."

Na ce sai mu roƙi Yaya ya rufa asiri. Ta ce in faɗi tsakanina da Allah ko zai iya. Na ce to ita fa, haka za ta zauna? Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce shekara biyu tana ɓoye a ɗaka kamar mai takaba saboda haƙori biyu, yanzu ga magani a hannu za ta yar don kada ran wani ya ɓaci. Na ce shi ya yi kuskure, shi ya kamata ya ɗauka, ba ita ba.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Za mu ce likita ta sake dubawa ta ga ƙashin ya yi sirara, bai ɗauka. Shi ke nan. In kinka hwaɗi wani abu bayan wanga, ga ubanku ko ga wanku, ban yahe miki nonon da kinka sha ba."

Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san ba a tsallake wannan maganar. Na ajiye salular.

Baba yana tasha da muka sauka a Dakoro. Bai taɓa zuwa tarbar kowa ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Idonsa yana kan mayafin Inna tun kafin ta sauko. Ita ta faɗa masa, a tsaye, cikin hayaniyar masu kabu-kabu, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ya ce, "Allah shi sa haka ya hi alheri." Muka kama hanya. Sai da muka kusa gida ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Ta dai ga aikin?"

"Ta gani," in ji Inna. "Ta ce kana da hannu."

Ya gyaɗa kai. Wannan kaɗai ce gaskiyar da aka faɗa masa ranar.

Yaya da ya ji, ya yi kuka a waya. Sannan ya ce a mayar masa da kwalayen, tun da ba a buɗe ba za a iya karɓa. Nan Inna ta ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, ta ce likita ta riga ta buɗe kafin ta gane. Yaya ya yi ta zagin matar da ba ta yi mana komai ba sai alheri, ni kuma ina riƙe da salula ina cewa a yi haƙuri. Na ji kunyar kaina ranar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da Baba ya shiga yi bayan nan. Tun da an ce ƙashi ne ya yi siriri, sai ya ɗaura niyyar ƙara masa ƙiba. Kowace ranar kasuwa sai ya sayo ƙashin sa mai ɓargo ya ce a dafa mata. Ya yi magana da wata Bafillatana daga wajen Rumbu tana kawo kindirmo. Wani ya ce masa garin ƙwallon dabino yana ƙarfafa ƙashi, ya zauna ya daka da kansa. Inna tana sha, tana godiya. Bayan 'yan watanni sai ya ce mini, "Ba ku komawa a auna? Wataƙila ya ƙaru." In ce masa sai bakans. In bakans ta zo in ce likitar ta yi tafiya.

Shekara huɗu muka yi a haka. Leɓen Inna na sama ya fara shigewa ciki, fuskarta ta tsufa kafin lokacinta. Aka daina aikowa a kira ta biki, wata yarinya daga bayan kasuwa ta karɓi guɗar unguwa, muryarta kamar ta akuya, amma an saba. Inna ta koma mai tsaron gida in kowa ya tafi. Ni kuma na zama mai saurin fushi da Baba. In ya tambaye ni abu sai in amsa a gajarce. Bai san laifinsa ba. Wata rana na same shi yana goge wa 'yata ɗan zobe, yana hura masa iska yana murzawa a gwiwa, ya ɗago ya nuna mini yana jin daɗi. Maganar ta zo har bakina, na ji ɗacinta. Na juya na fita ban yi sallama ba. Da yamma ya tambayi Inna ko mijina ne ke ɓata mini rai.

Da bazara ya rasu, ciwon kwana shida. Bai sani ba har ya tafi, wannan na tabbata. A cikin akwatinsa muka sami 'yar jakar fatar, da kwalaben biyu da ya wanke ya ajiye, da takardar nan a naɗe yadda na bar ta.

Yaya ya zo gaisuwa, karo na farko cikin shekaru. Na jira har Inna ta fita takaba, na je na durƙusa na ce ta sake ni daga alkawarin, tun da wanda ake ɓoye wa ba ya nan. Ta ce in yi yadda na ga dama. Yaya ya riga ya koma, don haka a waya na faɗa masa. Na shirya jin ihu. Bai yi ba.

"Da kin gaya mini," ya ce, "cikin wata guda da na aiko wasu."

"Da ka kira Baba?"

"Da na kira shi," ya ce. "Da na hwaɗa mishi abin da bai mancewa." Can kuma ya ce shi ya san ba a buɗewa, kullum yana gani a wurin aiki, kuma ya san halin Baba da ƙarfe fiye da kowa. Kalma ɗaya ce zai faɗa. Bai faɗa ba don ba ya son ya ce a ba Baba waya.

Sababbin suka iso bayan wata biyu. Wannan karon a jakata suka kwana, na karanta takardar daga farko har ƙarshe, har da harsunan da ba na ji. Inna ba ta so tafiyar ba. Ta ce ta tsufa, wa zai kalle ta. Amma na ga ta sa an yi mata kitso, ta ɗauko zanen da ba ta ɗaura ba tun kafin rasuwar.

Likitar ta gane mu. Ta karɓi kwalayen, ta duba mannen, ta ce madalla. Aka yi sabon radiyo. Ta nemo tsohon ta jera su biyu a gaban haske. Ko ni da ban san aikin ba na ga bambanci. Inda dā akwai ƙashi mai kauri, yanzu ya zama siriri kamar bakin wuƙa. Ta auna, ta sake aunawa. Ta ce babu inda ƙusar za ta zauna. Sai dai a yi wani babban aiki a ƙaro ƙashi daga wani wuri, ita kuwa ba ta ba da shawarar haka ga mace mai shekarun Inna, ga ciwon suga da ya kama ta a 'yan shekarun nan. Ta ce da mun dawo a waccan shekarar. Ba ta ƙarasa ba.

Da Faransanci ta faɗa, amma wannan karon Inna ba ta nemi a juya mata ba. Sai da muka fito, muka zauna a kan benci a inuwar wata bishiyar bedi a ƙofar kilinik, ta ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce ƙashin ya yi siriri, Inna. Ba ya ɗauka."

Na fashe da kuka a nan kan titi, kukan haushi, ina riƙe da kwalaye biyu da ba a buɗe ba. Ita ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon motoci suna wucewa. Sannan ta sa hannu ta dafa gwiwata.

"Bar kuka," ta ce. "Shekara huɗu ina ba mutumen ga ƙarya da sahe da marece, yana kawo mini ɓargo ina sha. Kullum ina tunanin yadda za ni haɗa ido da shi gobe kiyama. To yanzu ta zama gaskiya. Tashi ki tambayo mini ƙarhe nawa motar Maraɗi ka tashi."